Kyauta Mai Nauyi: Wa Zai Ɗauka?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu amfani da Linux, wadda in ka jiyo ta daga nesa sai ka ce mutanen nan sun rasa aikin yi. Kayan da ake faɗa a kansu kyauta ne, ba mai biyan ko dala, kuma suna aiki lafiya lau. Abin da ya raba kawuna shi ne ɗauri, wato yadda za a ƙunshe manhaja kafin a miƙa ta ga mai kwamfuta. Wasu na bayan deb, wasu rpm, wasu Flatpak, wasu Snap, wasu AppImage. Kowa na ganin nashi ne daidai, har zumunci kan ɓaci a kai.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, kuma galibin masu karanta wannan ɗan littafi ba injiniyoyi ba ne. Duk da haka ina ganin muna da ta cewa. In ka yaye baƙin sunayen nan, tambayar da ke ƙasa tsohuwa ce, kakanninmu sun san ta tun ba a ƙera kwamfuta ba: in an yi wa jama'a alheri, wa zai ɗauki nauyin kai shi gida? Kuma an tambaye shi kafin a aza mishi? Wannan tambaya ta fi zafi a Sabon Maci bisa ga yadda take a Landan ko Faris, shi ya sa nake so mu tauna ta tare.

Mene ne ɗaurin?

Linux babbar manhaja ce da ke tuƙa kwamfuta, kamar Windows, sai dai ita rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Da yake ƙofar a buɗe take, gidaje da yawa suka tashi a kanta, irin su Debian a 1993, da Red Hat, da Fedora, da Ubuntu a 2004, da Mint. Ɗalibi mai kwamfutar gwanjo yakan so ta don dalili biyu: ba a sayen lasisi, kuma tsohuwar na'ura na iya ɗaukar ta.

To ina ɗauri ya shigo? Duk wanda ya taɓa buga rubutun Hausa ya san amsar, ko da bai san ya sani ba. Ka zauna ka rubuta aikinka tsaf, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ka sa a kile ka kai shagon fotokofi. Ana buɗewa a na'urarsu sai ka ga haruffan nan masu lanƙwasa sun koma akwatuna, ko sun canja kama sun fita daban a cikin layi. Rubutunka bai lalace ba. Ya dogara ne da wani zubin haruffa da ke cikin kwamfutarka, wanda babu shi a tasu. Mafita biyu gare ka. Ko dai mai shago ya sa zubin nan a na'urarshi, kowa ya amfana, ko kuma ka mai da aikin PDF, wanda ke ɗauke da haruffansa a cikinsa. PDF ya fi nauyi, kuma gyara shi da wuya, amma yana isa yadda ya taso.

Manhaja ma haka take. Ba ta tsayawa ita kaɗai, tana jingina da wasu guntayen manhajoji da wasu mutane suka rubuta. Gardamar ɗauri duka a nan take: guntayen nan, a bar su a gida kowa ya ara, ko kowace manhaja ta zo da nata?

Gandu, gamana da guzuri

Tsarin deb na Debian da ƴaƴanta, da tsarin rpm na Red Hat da Fedora, zaman gandu ne. Gida ɗaya, rumbu ɗaya, turmi ɗaya. In manhaja goma na bukatar guntu ɗaya, sau ɗaya ake ajiye shi, kowa ya yi aiki da shi. Akwai kuma masu kula, a Debian galibinsu ƴan sa kai, waɗanda ke karɓar manhaja daga wanda ya rubuta ta, su daidaita ta da sauran kayan gidan, su sa hannu, sannan su zuba ta rumbu. Rumbun Debian na da ƙulli sama da 50,000. Ƙullin ba shi da nauyi sosai, don bai ɗauko abin da gida ke da shi ba. Aibinsa kuwa irin na gandu ne: ba ka cin sabon hatsi sai maigida ya buɗe rumbu. Debian kan yi kusan shekara biyu kafin ta fitar da sabon tabbataccen bugu, saboda haka abin da ke hannunka yana iya tsufa alhali sabo ya fito tuni.

AppImage matafiyi ne mai guzuri. Simon Peter ya fara shi a 2004 da sunan klik. Manhaja ɗaya, fayil ɗaya: ka kwafa, ka ba shi izinin aiki, ka danna. Ba ya aron tukunyar kowa sai kaɗan, amma kuma ba mai duba jakarshi a bakin ƙofa.

Flatpak da Snap sun fi kama da gamana, wadda wasu ke ce wa gayauna. Kowace manhaja da ƴar gonarta, an kewaye ta da darni don kada ta shiga kayanka ba da izini ba, amma akwai wani tushe da da yawansu ke tarayya a kai. Alexander Larsson na Red Hat ne ya ƙirƙiro Flatpak, wanda ya samu wannan suna a 2016, babbar kasuwarsa kuma ita ce Flathub. Snap na kamfanin Canonical ne, masu Ubuntu, ya iso kwamfutocin talakawa a shekarar 2016 shi ma.

Kowa da hujjarshi

Kada mu yi saurin yanke hukunci, don kowane ɓangare na da ciwon da yake kuka da shi.

Mai rubuta manhaja yana cewa: ni kaɗai ne, da dare nake wannan aiki bayan na taso daga neman abinci. Yaya za a ce in ɗaure kayana sau goma don gidaje goma, kowane gida da irin igiyarshi? Torvalds da kanshi ya koka da wannan a taron Debian na 2014 a Portland ta Amurka, inda ya nuna cewa shirya wa Windows da Mac manhaja ya fi sauƙi bisa ga shirya wa Linux ɗin da shi ya haifa. Daga baya manhajarshi ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, Subsurface, ta rungumi AppImage. Ko manyan kamfanoni na jin nauyin: a 2023 Red Hat ta sanar za ta daina ɗaure LibreOffice da rpm a bugunta masu zuwa, ta nuna wa mutane hanyar Flatpak. Akwai kuma wani ƙorafi mai ƙarfi. Wani gida ya ɗauki manhajarka, ya taɓa ta, ya raba tsohon bugu, in ta ba da matsala kai ake zagi, sunanka ne a jiki.

Mai kula da rumbu shi ma yana da amsa. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka mai suna Heartbleed a cikin OpenSSL, guntun da ke tsare sirrin abin da ke wucewa ta intanet. A gidan gandu, guntu ɗaya aka gyara, duk manhajojin da ke jingine da shi suka warke tare. In kowace manhaja na ɗauke da nata kwafin, sai an bi su ɗai-ɗai, kuma wadda mai ita ya mutu ko ya gaji za ta zauna da cutarta har abada. Ga kuma batun amana. A 2018 an kama wasu manhajoji a shagon Snap suna haƙar kuɗin intanet a ɓoye da na'urorin mutane, daga baya kuma aka sha kama jabun asusun kirifto a wurin. In ba dillalin da ya san kaya tsakaninka da mai sayarwa, kai ne za ka duba haƙoran akuyar da kanka.

Sai dai gandu ma ba tsira ba ne. A ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'ura daga nesa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar ɓarayi a cikin xz, wani ɗan guntu da kusan kowane gidan Linux ke amfani da shi. Wanda ya dasa, mai kiran kanshi Jia Tan, ya yi shekara biyu yana taimakon mai kula da guntun, wanda aiki ya yi wa yawa kuma ba a biyan shi, har ya samu amana. An tare abin kafin ya shiga tabbatattun bugu na manyan gidaje. Amma darasin ya fito fili: rijiyar da gari duka ke sha, in aka zuba mata guba gari duka ne zai kwanta. Kuma rijiyar nan mutum ɗaya ne ke gadin ta, kyauta.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, nauyi ba ya ɓacewa, mai ɗauka kawai ake canjawa. A deb da rpm, masu kula ke ɗauka da lokacinsu da barcinsu. A AppImage, mai kwamfuta ke ɗauka, don shi zai nemo, shi zai tantance, shi zai sabunta. A Flatpak da Snap an rage wa mai rubutu kaya, an aza wa layin intanet da cikin na'ura. Duk wanda ya ce maka tsarinshi ya kawar da wahala, tambaye shi inda ya kai ta.

Ranar da Mint ta ce a'a

Akwai wani abu da ya faru wanda ya fitar da gardamar daga fagen dabara ya kai ta fagen ɗabi'a. Tun daga bugun Oktoba na 2019, in mai Ubuntu ya nemi Chromium ta tsohuwar hanyar deb, ƙullin da zai zo mishi fanko ne, aikinshi kawai ya jawo Snap ya girka. Daga baya Firefox ma ya bi wannan hanya. Canonical ta ba da dalilinta: ɗaure irin waɗannan manyan manhajoji don kowane bugu na cin ma'aikata da lokaci. Dalili ne na gaskiya. Amma a 2020 Clément Lefèbvre da mutanen Mint suka toshe wannan hanya a bugunsu na 20. Hujjarsu ita ce mutum ya nemi abu kaza, an ba shi wani abu daban ba a gaya mishi ba, kuma an haɗa shi da shagon da kamfani ɗaya ke riƙe da mabuɗinsa, tun da manhajar da ke tafiyar da shagon Snap ba a buɗe take ba. A Flatpak kuwa kowa na iya buɗe rumfarshi, ko Flathub na so ko ba ta so.

A nan ina tare da Mint, kuma dalilina na kasuwa ne. Ka aiki yaro ya auno maka tiyar gero, mai awo ya ga dawa ta fi kyau yau, ya auna mishi dawa ya ɗaure bakin buhu bai ce komai ba. Ko da dawar ta fi geron, ya ci amana. Kyawun kaya ba ya wanke rashin tambaya. Kuma kasancewar abu kyauta bai ba mai bayarwa ikon yin yadda ya ga dama da gidanka ba.

Daga inda muke tsaye

Yanzu mu dawo gida. Mafi yawan masu wannan gardama suna zaune inda intanet ke kwarara kamar famfo, ana biya a wata, ba mai ƙirga abin da ya sha. Ɗalibin da ya zo hutu Sabon Maci, ko Kornaka, ko wani ƙauye a kan hanyar Dakoro, mega yake saye da kiredin da ya tara, yana ɗaga salula yana neman inda rezo ya fi ƙarfi, kwamfutar kuma sai an kai ta caji. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har Maradi da Yamai suka ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi.

Ga irin wannan ɗalibi, kalmar "nauyi" ba misali ba ce, kuɗin abinci ne. Manhajar Flatpak ta farko da zai girka, ko ƴar ƙarama ce, sai ta jawo tushenta mai ɗaruruwan mega. Gaskiya ne manhajojin da za su biyo baya za su yi tarayya a tushen, amma sai ka haye kogin farko kafin ka ji daɗin na biyu. Snap kuma a yadda ya zo, sau 4 a rana yake leƙawa ko akwai sabon bugu, in ya samu ya sauke da kanshi. Ana iya hana shi in an san umarnin da za a rubuta, kuma wajen ƙarshen 2022 an ƙara hanyar dakatar da shi gaba ɗaya. Amma wa ya gaya wa sabon shiga? Shi dai ya jona salula da kwamfuta don ya aika wa malami aiki, kafin ya farga sai ya ce, "Kai, wanga abu ya shanye min mega!" Wanda ya tsara sabuntawar nan da niyya mai kyau ya yi, don ya tsare mutane daga ɓarayi. Sai dai ya yanke hukunci da aljihun wani.

Masu manhajar ƴanci, tun daga Richard Stallman da ya kafa GNU a 1983, suna lissafa ƴanci huɗu, ɗaya daga ciki shi ne ikon kwafa ka ba maƙwabcinka. A wurinmu wannan ne ya fi kowane rai, don haka ilimi ke yawo a nan: daga kile zuwa kile, daga salula zuwa salula, a fada ana jiran shayi na biyu. Ƴancin da ba ya aiki sai da intanet mai ƙarfi, a takarda kawai yake gare mu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kuma ba a rasa waɗanda suka tuna da irinmu ba. Ubuntu kanta, wadda sunanta kalma ce ta Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka, ta yi shekaru tana aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har zuwa 2011. Ƙungiyar Emmabuntüs ta Faransa tana cusa duk abin da ake bukata a faifai ɗaya don a girka ba tare da intanet ba, an kuma yi amfani da ita a tsofaffin kwamfutoci a makarantun Togo. Endless OS, da aka yi don wuraren da intanet ke da wuya, a kan Flatpak take, kuma Flatpak na da umarnin kwashe manhaja da tushenta a sa a kile. Wannan na nuna laifin ba na igiya ba ne. Ya danganta da wanda mai ɗauri ke gani a ranshi lokacin da yake ɗaurawa.

A haɗe su wuri ɗaya mana?

Wani zai ce, yo ai maganin abin da sauƙi, a zaɓi ɗauri ɗaya kowa ya bi, a huta. Mu ɗaliban harshe mun san wannan mafarki, don an yi shi a kan Hausa. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan yankinmu, har da Hausa. A 1980 aka sake zama a Yamai don a kusanto da rubutun Nijar da na Najeriya. An samu nasara babba: littafin Zariya na karantuwa a Maradi, na Damagaram na karantuwa a Kano. Amma har gobe mu muna rubuta ƴ, su suna rubuta 'y, kuma ba wanda ya kasa gane ƴaƴanshi saboda haka. Daidaitacciyar Hausa ta jingina da karin Kano, duk da haka Bagobiri bai daina cewa "tahi" ba, kuma bai kamata ya daina ba.

Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na farko, abin da ake bukata shi ne a fahimci juna, ba lalle sai kowa ya zama ɗaya ba. Kwamfuta ɗaya na iya ɗaukar deb da Flatpak da AppImage tare, kamar yadda baki ɗaya ke ɗaukar Hausar aji da Hausar gida. Na biyu, duk ƙa'idar da aka tsayar tana kama da fuskar waɗanda suka zauna teburin. In aka ce yau a zaɓi ɗauri ɗaya tilo, masu intanet kamar famfo ne za su zaɓa, kuma nasu za su zaɓa. Yawan hanyoyin nan da ke ba mutane haushi, shi ne ya bar wa talaka ƙofar fita.

Ma'aunina

Saboda haka ba zan ce muku wannan ɗauri ne na kirki, wancan na banza ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tambaya uku nake yi wa kowane ɗauri. Zan iya kwafar shi in ba abokina inda babu rezo? Yana neman izinina kafin ya taɓa megana ko ya canja min kaya? In na gaji da mai shagon, zan iya zuwa wani, ko in buɗe nawa? Da wannan ma'auni, ga ɗalibin karkara, deb ya dace da ginshiƙin gida, AppImage ya dace da yawo a kile muddin daga hannun mai shi aka ɗauko, Flatpak na da kyau in an samu wanda ya sauke tushen sau ɗaya ya raba, Snap kuma shi ke da sauran bayani a tambaya ta uku.

Amma adalci bai ƙare a kan wasu ba. In mun ce kada a aza mana kaya ba shawara, mu ma kada mu aza wa ɗan sa kan da ba mu taɓa gani ba duk nauyin, muna zaune muna jiran kyauta ta iso a dafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da intanet na jami'a a Maradi ko Yamai, ya cika kile kafin hutu, ya zama rumbun ƙauyensu. Wanda ya iya umarnin hana sabuntawa, ya koya wa na kusa da shi. Mu masu karatun harshe, ga fassarar manhajoji zuwa Hausa na jiran hannu, kuma ba a neman digirin injiniya kafin a shiga. Wanda ya ci karo da matsala, ya rubuta wa masu manhajar da ladabi, ya gaya musu yadda abin yake a inda ake sayen mega da ƙirge. Da yawansu ba mugunta ke sa su manta da mu ba, ba su taɓa jin muryarmu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma in bai faɗa ba, mai yaɓe zai yaɓe inda ya ga dama.